Kyamara Ta Ƙi Kama Fokas a Na'urar Hangen Taurari: Abin da Kowa Ya Gani da Adaftarsa

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na'urata irin ta Newton ce mai madubi milimita 130, kuma da gilashin leƙe ina ganin wata da Mushtari tangaran. Da na zare gilashin na ɗaura kyamara da zoben T (zoben da ke haɗa bakin kyamara da na'ura) da ɗan bututun inci 1.25, sai wata ya koma farin dunƙule marar gefe. Na murɗa bututun fokas har ya ƙure ciki, hoton yana ta gyaruwa, amma bututun ya tsaya kafin hoton ya fito. Ina roƙon duk wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa mana abin da ya yi.

Dattijo mai na'urar Newton:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, na'urarka lafiyarta ƙalau, tazara ce ta yi maka yawa. Sensar kyamara, wato farantin da hoto ke sauka a kansa, tana can cikin jikinta, kuma ƙa'idar zoben T ita ce a sami milimita 55 daga bakinsa zuwa sensa: a Canon mai bakin EF jiki yana cin 44, zobe ya cika 11, a Nikon mai bakin F kuwa jiki 46.5 ne, zobe 8.5. Yawancin ƙananan na'urorin Newton an ƙera su ne domin ido, haskensu yana haɗuwa kusa da bakin bututun fokas, saboda haka sensa takan zauna bayan wurin da hoton yake, kuma babu sauran murɗi da zai kai ta can.

Ni da gilashin Barlow mai ninki biyu na fara, domin yana tura mahaɗar haske waje. Fokas ya kama nan take, ramukan wata suka fito, sai dai na biya diyya: hasken hoto ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, fili kuma ya ƙuntata har Kaza da 'Ya'yanta ba sa shiga gaba ɗaya. Daga baya na sa dogayen sukurori na ɗaga babban madubin zuwa sama cikin bututu da kimanin santimita biyu. Hakan ya yi aiki, amma dole na sake daidaita madubai, kuma tun daga lokacin sai na sa bututun ƙari kafin in leƙa da ido.

'Yar'uwa mai na'urar gilashi:
Baba ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai abin da na gani akasin nasa ne, kuma ina so masu na'ura irin tawa su sani. Na'urar gilashi, wadda ke tara haske da gilashi maimakon madubi, an auna ta ne da madubin da ke karya kwanar haske a bayanta, wanda haske ke yin tafiyar santimita da dama a cikinsa. Da na cire shi na ɗaura kyamara kai tsaye, bututun fokas ya fito har ƙarshe hoto bai kama ba, sai da na cike gurbin da bututun ƙari mai faɗin inci 2.

Wahalar gaske ta zo ne da gilashin da ke miƙe gefen hoto, wanda yake buƙatar milimita 55 cif tsakaninsa da sensa. Taurarin tsakiya sun fito ɗigo-ɗigo, na kusurwa kuwa sun miƙe suna nuna waje daga tsakiya, alamar da masu wannan aiki suka sani ta cewa sensa ta matso kusa da yawa. Idan ta yi nisa, sukan lanƙwashe suna kewaye tsakiyar hoton. Dalilin a wurina shi ne filtar da ke tsakani, domin gilashin filta yana ƙara tazarar da ake buƙata da kusan sulusin kaurinsa. Siririn zobe na milimita ɗaya ya gyara kusurwoyin. Abin yana ba ni mamaki har yanzu, yadda milimita ɗaya ke raba hoto mai kyau da wanda za a goge.

Mai gyaran tsofaffin kyamarori:
Malam mai tambaya, kafin ka sayi kome ka duba zare, wato tsagin murɗi irin na sukuru da ke jikin zobe. Zaren T, wanda kamfanin Tamron ya fito da shi, faɗinsa milimita 42 ne kuma tazarar murɗinsa 0.75. Akwai wani zaren mai faɗi iri ɗaya na tsofaffin kyamarorin Pentax da Praktica, wanda tazararsa milimita 1 ce. An taɓa aiko mini da adafta da sunan T alhali ɗayan ce. Ta shiga kaɗan ta cije, kuma da an matsa mata da zaren alminiyam ɗin ya cinye. Duk zoben da bai shiga da yatsu biyu ba, a dakata a auna shi.

Wanda sensarsa babba ce kuma ya guji bututun inci 1.25, domin ƙofarsa kusan milimita 27 ce kawai, alhali sensa mai cikakken girma tana da milimita 43 daga kusurwa zuwa kusurwa. Na ga kusurwoyin hotona sun yi baƙi har sai da na koma zaren M48 mai faɗin milimita 48.

Ɗan'uwa mai kyamara marar madubi:
Baba, ina neman afuwa, amma ba zan shawarci sabon hannu ya taɓa babban madubi ba tukuna, domin akwai milimitoci da ake samu ba tare da an kwance kome ba. A na'urata, da na warware mariƙin gilashin leƙe daga bakin bututun fokas, sai na tarar da zaren T a ƙarƙashinsa. Na ɗaura zoben kai tsaye, ɗan bututun nan ya fita daga lissafi, kyamarar kuma ta daina sunkuyawa kamar yadda take yi lokacin da sukuru ɗaya ke riƙe ta. Ba kowace na'ura ke da wannan ba, amma a duba. Sannan kyamarata Sony ce mai bakin E, sensarta milimita 18 kacal daga baki, don haka da na sami siririn zobe maimakon dogon da ke cika 55, na sami rarar kusan santimita uku.

Malam, a daren da wata ya yi haske ka cire kome, ka murɗa bututun har ciki, ka riƙe takarda mai shara-shara a bakinsa kana ja da ita baya har hoton wata ya fito sarai a jikinta, sannan ka auna tazarar da rula. Da wata kaɗai za ka yi wannan, kada ka kuskura ka gwada da rana. Idan abin da ka auna bai kai 55 haɗe da kaurin adaftarka ba, kawo mana adadin, mu ga ko siririn zobe zai wadatar ko sai an kai ga Barlow.