Ɗaukar sautin gita a gida: mikro ko pikop?

Ɗan Bagalam: Salamu alaikum ƴan uwa. Ina da gita ta katako mai pikop (ɗan na'urar da ke ɗaukar sautin gita ya tura ta fil) a ciki, in na jona fil ɗinta ga kart son (akwatin da ke shigar da sauti cikin odinater) sai sautin ya fito siriri kamar ana kaɗa waya, ba kamar yadda kunnena ke ji cikin ɗaki ba. In sayi mikro ne ko kuɗina za su tafi banza?

Mai sitidiyo: Wa alaikumus salam ƙanena. Gitarka lafiyarta lau, halin pikop ne. Galibinsu piyezo ne, yana ƙarƙashin jakin da tsirkiyoyi ke hawa, motsin wurin nan kaɗai yake ji, bai jin iskar da ke fita daga cikin katakon, shi ko mikro iskar yake ɗauka shi ya sa sautin ke da jiki. Amma kar ka dasa shi bakin ramin gita, ƙugi kawai za ka samu. Ka auna wajen da wuya ya haɗu da jiki, kusan layi na 12 cikin layukan ƙarfen da ke wuyan gita, ka ja baya santimita 20 zuwa 30. In mikron kondansa ne, wato irin mai buƙatar wuta, sai kart son ɗinka na da maɓallin 48V mai ba shi wutar, in irin mikron SM57 ne bai buƙata.

Na Zariya: Malam gaskiya ne amma Maradi muke fa. Kondansa ba abin da yake bari, kabu-kabu, zakaran maƙwabta, injin niƙa, yara na wasa, in an ɗauke kuran kuma gurup na kowane gida ya tashi, ga shi dole ka kashe fanka kana zufa cikin watan Afrilu. Ni pikop na riƙe, in ƙara mishi ɗan amo cikin Audacity, manhajar gyaran sauti, mai sauraro ta WhatsApp ina zai gane.

Mai sitidiyo: Zai gane mana, in gitar ce kaɗai da murya. In ko da kalangu da sauran kaya a kai, to can pikop na ɓuya. Ƙanena in kart ɗinka mai ƙofa 2 ce ɗauki duka biyun lokaci guda, kowane da layinshi, ka haɗa daga baya, in sautin ya rame ka juya faz na guda, wato ka kifar da igiyar sautinshi cikin manhaja. Ka danna INST, maɓallin kayan kiɗa da ke jikin kart son, wajen ƙofar pikop, ɗakin kuma a jingina katifa ga bango don rage amsa-kuwwa.

Ɗan Bagalam: Na gode yaya, Allah shi saka. INST ɗin nan ban taɓa danna shi ba ma. Zuuu ɗin da nake ji ƙasa-ƙasa fa?

Na Zariya: Cire caja daga odinater ka gwada da batir, in bai daina ba canza fil.