Majalisar gwaji ta ɗalibai a Amurka: wa yaronsa ya taɓa shiga?

Maman Hafsa, Bronx: Salamu alaikum 'yan uwa. Hafsa tana aji 9, malamarsu ta tarihi ta ce ta shiga Youth and Government, shirin majalisar gwaji ta ɗalibai na ƙungiyar matasa ta YMCA, wai zai taimaka mata wajen neman jami'a. Akwai kuɗin rajista, ga kwana a otal a Albany, babban birnin jiharmu ta New York. Babanta bai gamsu ba tukuna. Waɗanda yaransu suka yi, don Allah me kuka gani?

Baban Sadiƙ, Houston: Wa alaikumus salam Hajiya. Ai a jiharku aka faro abin, tun 1936. Sadiƙ ya yi na Texas daga aji 9 har ya gama sakandare. Yaro ne zai rubuta ƙudurin dokarsa da hannunsa, ya kare shi a kwamiti, in ya tsallake a kai shi zaure a Austin, babban birnin Texas, a kaɗa ƙuri'a. Har gwamna suke zaɓa a tsakaninsu, wasu kuma su zama lauyoyi da alƙalai. Nasa ƙudurin a kan hutun Sallah ne a makarantun gwamnati, ya kafa hujja da birnin New York da ya amince da haka a 2015. Suka kayar da shi a kwamiti, saboda an tambaye shi ina za a cike gurbin ranakun karatun, ya rasa amsa. Wallahi ya dawo gida ko abinci bai ci ba. Da shekara ta zagayo, sai da ya zauna da kalandar makarantu ya yi lissafi kafin ya koma. Wannan faɗuwar ce ya ba da labarinta a takardar neman jami'a, kuma ita ce ta fi min komai daɗi, don yaron da ko gaida baƙi kunya yake ji ya koyi tsayawa a gaban jama'a.

Ummi, ɗaliba: Mama, a Common App, fom ɗin neman shiga jami'o'i, gurbi 10 ne na ayyukan bayan aji, kowanne haruffa 150 kacal za a yi bayani. Abokan karatuna da suka shiga a aji 12 sunan ƙungiyar kawai suka samu rubutawa. Ni kuwa na rubuta kwamitin da na shugabanta da ƙannen da na koya wa rubuta ƙuduri. Aji 9 ɗin nan shi ne lokacinta.

Alhaji Garba, Maryland: Ku yi haƙuri, ni ban ga dole a ciki ba. Ɗana ya fara Model UN, wato gwajin zaman Majalisar Ɗinkin Duniya, kuɗin tafiya da otal da kwat suka yi mana yawa, ya bari. Aikin shago ya riƙe yana taimakon gida, ya rubuta hakan, kuma ya samu jami'a. Mai ƙaramin ƙarfi ya tambayi Girls State ko Boys State, shirin gwajin gwamnatin jiha na 'yan mata ko na samari da ake yi bayan aji 11, galibi ana samun masu ɗaukar nauyin yaro.

Anti Zulai, Columbus: Maman Hafsa, na san kwanan otal ne ke damun Baban Hafsa, kuma yana da gaskiya. Ni sunana na bayar cikin iyaye masu rakiya. Ɗakunan mata daban, akwai lokacin da kowa zai shige ɗaki, ana kuma zagayawa dubawa. Tun daga gida na sanar da malamar maganar salla da abinci. Da hijabinta 'yata ta tsaya ta yi muhawara, ina daga baya ina share hawaye.

Maman Hafsa: Allah ya saka da alheri. Anti Zulai, rakiyar nan sai an cike takarda a makaranta ne, ko a wajen YMCA? In da hali, Babanta da kansa zai bi su.