Abin da muka tsayar a hirarmu ta 'yan kallo

Daren Asabar muka zauna a tsakar gida, shayi na tafasa a kan gawayi, hira ta koma kan fina-finan da muka kalla kwanan nan. Ga abin da na tsinta.

Shawarar da kowa ya amince da ita: kada ka yanke wa fim hukunci daga guntun bidiyon TikTok. Kalle shi har ƙarshe tukuna. Idan kuma ka gama, ka riƙe bakinka, kada ka ɓata wa wanda bai kai ƙarshe ba.

Inda muka fi daɗewa shi ne labaran soyayya tsakanin jinsi ɗaya, da suka yawaita a Netflix. Yaya Babba ta ce a riƙa karanta bayanin fim da alamar shekaru kafin a kunna, musamman idan yara na ɗaki. Ƙanwarmu ta kawo misalin Rafiki, fim ɗin Kenya na 2018 da hukumar tace fina-finan ƙasar ta haramta, kotu ta ɗage haramcin na kwana bakwai, mutane suka cika sinima. Ta ce ita tsoron da ke idon 'yan mata biyun da ke soyayya a fim ɗin ne ya tsaya mata a rai. Na fahimce ta ƙwarai. Muka yarda cewa wanda bai so ba, sai ya kashe fim ɗin, amma kada a zagi wanda fim ya taɓa zuciyarsa, kada kuma a bi ɗan wasa da tsinuwa saboda rawar da aka ba shi.

Batun data kuwa, a sauke fim da dare, ya fi araha.