Niyural netwok a madadin PI wajen sarrafa karent na injin PMSM

Sani_Lantarki: Assalamu alaikum injiniyoyi. Inji PMSM ne (injin lantarki mai maganaɗisu na dindindin), inbata (na'urar da ke juya DC zuwa AC) na aiki a 10 kHz, DC bas 540 V. An horar da niyural netwok a manhajar Simulink don ta maye gurbin PI (mai sarrafa karent da aka saba amfani da shi), tana karɓar id, iq (kaso biyu na karent ɗin injin), adadin da ake so su kai, da gudun inji, tana fitar da vd da vq (boltejin kowane kaso). A kwamfuta lafiya lau. A kan inji kuwa iq ba ya kaiwa inda aka nema, kuma karent na rawa in gudu ya yi ƙasa. Ina matsalar take?

Injiniya_Hauwa: Wa alaikumus salam Malam. Rawar nan, auna mitarta. In ta ninka mitar lantarkin injin sau 6, to ɗan jinkirin da ake bari tsakanin kashe IGBT (makunnin lantarki na cikin inbata) na sama da kunna na ƙasa ne ya jawo ta. Lissafa da kanka: 2 µs × 10 kHz × 540 V, wajen 10.8 V ke salwanta a kowane layi. A ƙaramin gudu, boltejin da injin ke buƙata ma bai fi haka da yawa ba. Netwok ɗinka ba ta san da wannan ba, don a kan inbata marar aibi ta yi karatu. Saka wannan jinkirin a cikin samfurin, haɗe da jinkirin zagaye ɗaya na 100 µs tsakanin auna karent da sabunta PWM (siginar da ke kunnawa da kashe IGBT), sannan a sake horarwa.

Dan_Bita: Rashin kaiwar iq kuwa, netwok ɗin ba ta da abin tara kuskure ne, wanda PI ke da shi. Ƙara mata jimillar kuskuren id da iq cikin abin da take karɓa, ka dakatar da tarawar in bolteji ya kai Vdc/√3 (Vdc shi ne boltejin DC bas). Kuma kada a horar da ita kan injin sanyi kaɗai: juriyar wayar tagulla na ƙaruwa da kusan 0.39% kan kowane digiri, ƙarfin maganaɗisun injin (NdFeB) na raguwa da zafi, Lq (indoktans na ɓangaren iq) ma na faɗuwa in karent ya yi yawa. A riƙa caccanja su yayin horarwa.

Injiniya_Hauwa: Haka ne. Ni dai a injin da zai shiga aiki, gara a bar PI a wurinsa, netwok ta riƙa ƙara gyara a kan vd da vq, da iyaka. Kariyar wucewar karent kuma ta zauna a kwamfareta (na'urar da ke kwatanta karent da iyakarsa) mai kashe PWM kai tsaye, kada ta bi ta cikin lissafin netwok.