Neman taimako: shirin da zai riƙa rubuta bayanin rahotannin SSRS da kansa

Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar rumbun bayanai. Ina aiki da wani kamfanin sayar da taki da iri a Sabon Garin Zariya, na kuma gaji tulin rahotanni a SQL Server Reporting Services (SSRS), manhajar Microsoft ta haɗa rahotanni. Wanda ya gina su ya bar aiki, ko layi ɗaya na bayani bai bari ba. Yanzu oga yana so kowane rahoto ya samu takardarsa: daga wane tebur yake ɗauko bayanai, me ake cikewa kafin ya buɗe.

Tunda fayil ɗin RDL, wanda tsarin kowane rahoto yake ciki, ainihinsa XML ne, sai na rubuta ɗan shiri da Python yana ciro abin da ke cikin CommandText (umarnin SQL) da ReportParameters (abin da ake cikewa) yana zubawa a Markdown. Sababbin rahotanni lafiya lau. Tsofaffin kuwa hannu rabbana yake dawowa, domin tsarinsu na 2008 ne ko 2010, ni kuma na ɗaure shirin da na 2016. Wannan zan iya shawo kansa.

Inda na cije shi ne rahotannin da ke amfani da bayanan haɗin gwiwa (shared datasets). Suna kawai RDL yake nunawa, ainihin umarnin SQL yana can cikin fayil ɗin RSD. Wasu ma sunan ajiyayyen umarni (stored procedure) kaɗai za ka gani, sai ka bi shi har sys.sql_modules, inda SQL Server ke nuna rubutun irin waɗannan umarnin.

Shin in karanta teburin Catalog na ReportServer, rumbun da SSRS ke ajiye rahotanninsa, kai tsaye, duk da Microsoft ba ta goyon bayan hakan, ko in bi ta REST API? SSRS ɗinmu na 2017 ne. Don Allah wanda ya taɓa haɗa wannan ya nuna mini hanya.