Wai rubuce-rubucen nan na asibiti ina amfaninsu?

Baban Ummi, Ringim:
Salamu alaikum jama'a. Jiya na raka maiɗakina asibitin ƙauyenmu da yarinyarmu, tun hantsi muke kan benci har azahar, ma'aikaciyar ta ɗaura wa yarinyar wani tef a damtse ta ɗora ta kan sikeli, sai rubutu take ta yi a wani ƙaton rajista. Don Allah rubutun nan yana amfanar mara lafiya kuwa, ko na manyansu ne kawai?

Maman Sadik, Gumel:
Wa alaikumus salam Malam, aikina ne wannan. Tef ɗin mai launi uku ne, tamowa yake nunawa a yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. Ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, ruwan ɗorawa ta fara kama shi, kore kuma lafiya lau. Amma awon ranar farko kaɗai ba ya gaya mana komai a kan aikinmu, sai an jera shi da na satin gaba. Kowa zai iya bugun ƙirji ya ce mun karɓi yara ɗari, to nawa suka warke, nawa uwayensu suka daina kawo su, nawa suka rasu a gida ba mu ji ba? Ƙa'idar aikin tamowa a yara 100 sama da 75 su warke, waɗanda aka daina kawowa kar su kai 15. Wallahi in ba rajistar nan ba ni kaina ba zan san ko muna cikawa ba.

Ɗan Kwamiti, Kazaure:
Gaskiyarki Hajiya. Mu a rajistar rigakafi muka gano mata na kawo jarirai allurar penta, wato ta rigakafin cututtuka biyar a haɗe, ta farko ta sati 6, ta uku ta sati 14 kuma sai shiru, musamman da damina in ruwa ya cinye hanya. Daga nan ma'aikata suka fara bin rugage a babur.

Yaya Binta, Birnin Kudu:
Ni dai a rubuta gaskiya. Ƙanwata an cika mata katin awon ciki tsaf alhali ba a taɓa ɗaura mata abin awon hawan jini ba, sai da jijjiga ta kama ta a wata na tara, Allah ne ya yi da sauran kwananta. Mata ku riƙa tambaya nawa jinin ya nuna, in ya kai 140 bisa 90 kar ku tashi sai an yi muku bayani.

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai. Na duba katin, ruwan ɗorawa aka rubuta wa Ummi. Talata za mu koma in sha Allahu, ni da kaina zan kai su.