Buhu ko kuɗi? Tambaya kan tallafa wa masu ƙaramin ƙarfi lokacin annoba

Mai Rajista ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga waɗanda suka taɓa aikin sa kai na rabon tallafi ce, har ma da waɗanda suka taɓa karɓa.

Muna da 'yar ƙungiya ta maƙwabta da muka kafa lokacin kullen korona a 2020. Ba ofis, ba albashi, kowa da abin da ya iya: mai kuɗi ya kawo kuɗi, mai mota ya kawo mota, ni kuma aka ɗora mini riƙon littafin sunaye. Annobar ta lafa, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta janye matakin gaggawar a watan Mayun 2023, amma ƙungiyar ba ta watse ba. Yanzu so muke mu rubuta tsari mu ajiye, don in wata cutar ta sake rufe mutane a gida kada mu fara daga lalube.

A nan aka rabu biyu. Wasu sun ce mu tsaya kan kayan abinci kamar yadda muka yi a baya, don kuɗi yana shiga hannu yake narkewa. Wasu sun ce a tura wa mutum kuɗinsa ta waya kawai, ya san damuwarsa fiye da mu. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai daban ne. Littafin da na riƙe cike yake da sunayen waɗanda suka zo da ƙafarsu suka ce a rubuta su. Amma telan da shagonsa ya rufu, da malamar makarantar kuɗi da aka tsayar wa albashi, da direban da motarsa ta kwana a gareji wata da watanni, ba su zo ba, kuma na san tukunyarsu ba kullum take hawa wuta ba. To yaya ake gano irin waɗannan ba tare da an tona musu asiri ba? Kuma buhu ko kuɗi, wanne kuka ga ya fi amfani?

Tsohon Akawu ya amsa:

Wa alaikumus salam. 'Yata, tambayarki ta biyu ta fi sauƙi, bari in fara da ita.

Ni ina bayan kuɗi, muddin kasuwa tana ci kuma kaya na shigowa. Na yi shekaru ina lissafin kayan agaji kafin in yi ritaya, kuma abin da mai bayar da gudummawa ba ya gani shi ne abin da buhu yake ci kafin ya isa gidan mai shi: kuɗin mota, kuɗin dako, hayar wurin ajiya, leda, mai gadi, ga wanda ruwa ya taɓa, ga wanda ya yi ƙafa a hanya. Kuɗin da aka tura ta waya kuwa yana barin shaida, ranar kaza an tura wa lamba kaza, ba mai musu.

Ku duba abin da Togo ta yi. A watan Afrilun 2020 ta fito da shirin Novissi don masu sana'ar hannu da kulle ya tsayar. Mutum ya danna lamba a ƙaramar wayarsa, ko babu intanet, ya sa lambar katin zaɓensa, in ya cancanta kuɗi ya shigo. Mata suna samun sefa 12,250 a wata, maza 10,500, da gangan aka fifita mata saboda su ke riƙe da cefanen yara. Fiye da mutum rabin miliyan suka amfana a zagayen farko, ba tare da an tara kowa a layi ba. Abin da ya sa ya yi sauri shi ne rajistar masu zaɓe sabuwa ce a lokacin, an yi zaɓe a watan Fabrairu, kuma tana ɗauke da sana'ar mutum da inda yake zaune. Wato littafin yana nan tun kafin cutar ta iso.

Ki lura da wannan, don shi ne rabin amsar tambayarki ta farko. Littafin da aka buɗe ranar rabo, mai ƙarfin murya da mai ƙarfin kafaɗa ne ke cika shi.

Sai dai kuɗin ma in ba a tsara fitar da shi ba, layin da kuka guje wa a ƙofar rabo za ku same shi a ƙofar banki. Brazil ta ba mutane kusan miliyan 68 tallafin gaggawa, real 600 na kuɗin ƙasar a wata, uwa mai renon yara ita kaɗai kuma ninki biyu. Abin ya ceci gidaje da yawa, amma duniya ta ga hotunan dogayen layuka a bakin bankin gwamnati, mutane kafaɗa da kafaɗa, a daidai lokacin da ake ce musu su ba da tazara.

Malamar Jinya ta amsa:

Baba Akawu, Allah ya ƙara girma, na yarda da kai amma ban yarda duka ba. Lissafinka na gidan da ke da lafiya ne. Ni gidajen da aka killace na yi ta shiga.

Gidan da aka ce kada kowa ya fita na kwana 14, me kuɗi a waya zai yi musu? Wani ne zai fita ya sayo, kuma wanin nan shi ne muke roƙo ya zauna. Wannan darasi tun zamanin Ebola aka koye shi. A watan Agustan 2014 aka zagaye unguwar West Point a Monrovia, babban birnin Laberiya, da jami'an tsaro, mutane dubbai a ciki, ba a tanadi abin da za su ci ba. Rikici ya ɓarke, aka yi harbi, wani yaro ya rasa ransa, bayan kwana 10 aka buɗe unguwar. Mai jin yunwa ba ya zama a killace, ko da bindiga a ƙofa. Saboda haka kai abinci ƙofar gidan mara lafiya ni a wurina magani ne, yana cikin aikin hana yaɗuwar cutar.

Abin da nake roƙonku da shi, 'yar uwa Mai Rajista, kada ku tara jama'a. Ko kaɗan. A Kibera ta Nairobi, watan Afrilun 2020, an kawo kayan abinci da kyakkyawar niyya, jama'a suka yi dafifi a ƙofa, aka yi turmutsitsi, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, mutane suka jikkata. Daga nan gwamnatin Kenya ta hana rabon kai tsaye sai an bi ta hannun hukuma. Cikin waɗanda aka tattake ɗin nan akwai mata, su ne kuma aka fi so tallafin ya kai gare su.

Tsarin da ya fi burge ni na Paraisópolis ne, wata unguwar talakawa mai cunkoso a birnin São Paulo na Brazil. Mazauna wurin ba su jira kowa ba. Suka naɗa abin da suka kira shugabannin layi, kowane ɗaya aka ba shi gidaje 50 ya kula da su: waye ke tari, wa abincinsa ya ƙare, wace tsohuwa ce ke zaune ita kaɗai, wane labarin ƙarya ne ke yawo a waya. Har motocin ɗaukar marasa lafiya suka yi haya da kuɗin gudummawa. Mutum ɗaya ba zai san unguwa ba, amma zai san gida 50, zai kuma lura ranar da hayaƙi ya daina tashi a ɗaya daga cikinsu. Telanki da malamarki ba sai sun zo ba, maƙwabcin da ke leƙa kowa da kowa a layin zai gani, kuma tunda kowa yake leƙawa, ba wanda zai ce don me aka shiga gidan wane.

Wasu abubuwa biyu da ake mantawa. Na farko yara: lokacin da aka rufe makarantu a 2020, Hukumar Abinci ta Duniya ta ƙiyasta yara miliyan 370 ne suka rasa abincin da suke ci a makaranta, ga wasunsu shi ne cin kirki ɗaya tilo a yini. Gidan da ke da yara biyar a gida yini guda ba daidai yake da na mutum biyu ba, don haka kada ku yi rabon buhu ɗaya kowane gida ku ce kun yi adalci. Na biyu masu ciwon da ba ya jira, hawan jini, ciwon sukari, farfaɗiya, tarin fuka. Na ga mutanen da korona ba ta taɓa su ba, yankewar maganinsu ne ya kwantar da su. Ku ƙara layi ɗaya a littafin: wa ke shan magani kullum, kuma na kwana nawa ya rage masa.

Ɗan Ƙwadago ya amsa:

Salamu alaikum. Ni ban taɓa rabawa ba, karɓa na yi, kuma tunda Hajiya ta ce har da mu, bari in faɗi nawa.

Aikin gini nake, in na fita in samu, in ban fita ba babu. Na ji an ce Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙirga mu a wancan lokacin, mutum biliyan 1.6 masu irin wannan neman da kulle ya taɓa. To ni ɗaya ne a ciki.

Abinci na samu, Allah ya saka wa waɗanda suka kawo. Amma gaskiya abin da ya hana ni barci haya ce. Mai gida yana aiko saƙo, ni kuma ina zaune da buhu. Rabinsa na sayar, a ƙasa da kuɗinsa, don in toshe bakin mai gida in sayi abin girki da sabulu. Wanda ya gan ni zai ce ga wanda ba ya bukata ya karɓa ya kai kasuwa. Masu cewa kuɗi narkewa yake, ku tambayi inda ya narke tukuna. Nawa a haya da maganin yarinya zai narke.

Sannan maganar hoto. Wata ƙungiya ta zo, ba zan kama suna ba, sai ka riƙe ledar a ƙirji an ɗauke ka kafin a sake maka ita. Washegari abokan aikina suka gan ni a Facebook. Zuwansu na biyu ban fita ba, matata ma na hana ta, kuma ba don mun ƙoshi ba. Hajiya, telan nan da kike magana, ƙila ba girman kai ba ne, ƙila ya ga abin da aka yi wa irinmu ne. In mai ba ku kuɗi yana son shaida, ku ɗauki hoton kayan da rasit.

Abu na ƙarshe, kada ku ce sai mai katin shaida ko sai ɗan asalin wuri. Mu 'yan ci-rani mu ne farkon faɗuwa a irin wannan sharaɗi. A Indiya ma haka aka yi: an sanar da kulle a ranar 24 ga Maris 2020 da tazarar sa'o'i huɗu kacal, gwamnati ta ware hatsi kilo 5 kyauta ga kowane mutum a wata don mutane miliyan 800, amma leburorin da ke birane katin rabonsu na can jiharsu ta asali, ba ya aiki inda suke. Shi ya sa aka gan su a ƙafa kan manyan hanyoyi, da yara a kafaɗa, suna komawa gida. Cutar ba ta tambayi kati ba kafin ta shiga ɗakinmu.

Tsohon Akawu ya sake amsawa:

Malama, na karɓi gyara kan gidan da aka killace, wannan kam sai kaya. Ɗana Ɗan Ƙwadago, ka faɗi abin da takarda ba ta nunawa, buhun da aka sayar da asara an biya kuɗin ɗaukarsa sau biyu ke nan.

Amma ina da ja kan shugabannin layi. Mutum ne, yana da 'yan uwa, yana da wanda suka yi faɗa bara. In shi kaɗai ke rubuta suna, kun raba son kai gida-gida ne kawai. Ku sa mutum biyu a kowane layi, mace da namiji, waɗanda ba dangin juna ba, kuma mai rubuta suna kada ya zama shi ne mai riƙe kuɗi. Ku fitar da lambar waya guda da wanda aka tsallake zai kira ba tare da ya bi ta hannunsu ba. Abin da ya shigo da abin da ya fita a riƙa sanar da jimillarsa duk mako, banda sunayen masu karɓa.

Mai Rajista ta amsa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ƙanena Ɗan Ƙwadago, maganar hoto zan kai ta taro yadda ka faɗe ta, don akwai masu matsa mana a kai.

Abin da zan gabatar shi ne a raba unguwar layi-layi tun yanzu, mutum biyu-biyu kamar yadda Baba ya ce, a rubuta kowane gida, mai hali da mara hali, da yawan yara da masu shan magani, ta yadda shiga littafin ba zai zama alamar talauci ba. Kuɗi ga mai iya fita, kaya ga wanda aka killace da tsofaffi.

Saura abu ɗaya da ban ga bakin zarensa ba. Gidaje da dama waya ɗaya ce, kuma tana aljihun maigida. Togo ta fifita mata, amma mu in muka tura wa wannan lambar ba mu da tabbacin kuɗin zai kai ga mai girki, in kuma muka ce sai lambar matar, muna iya haɗa faɗa a gidan da dama kulle ya cika shi da zafi. Malama, ke da kika shiga gidajen nan, yaya kuka yi da wannan?